Tukunyata ta Gas a Fadamar Gulma

Ran wata Talata ce, bayan ƙaramar salla da kamar mako biyu, a ranin farko da ya biyo bayan cire tallafin mai. Na taso daga makarantar firamaren da nake koyarwa, na tako a ƙasa har gidanmu a Gwadangaji, rana tana dukan tsakar kaina, takalmina na roba har ya yi laushi don zafin kwalta. Na shiga kicin in ɗora abinci kafin 'ya'yana mata biyu su dawo, sai na ga babu tukunyar gas. Kan girkin yana nan bisa teburinsa, tiyo yana reto, ba a haɗe da komai ba.

Ɓarawo na fara zargi. Na duba ƙofar gida, kwaɗo lafiya lau. Na leƙa ɗaki, keken ɗinkina yana nan, talabijin yana nan. Na kira maigidana har sau uku bai ɗauka ba. Ranar garin kwaki muka jiƙa da ƙuli-ƙuli, ni da yaran. Sai bayan la'asar ya shigo, kuma tun daga yadda ya yi sallama ƙasa-ƙasa ya wuce ɗaki bai tambayi abinci ba, na gane ɓarawon na cikin gida ne.

"Ni na ɗauke ta," ya ce, bai ko dube ni ba. "Tana Gulma, wurin Yaya."

Yayan nan nasa shi ne babba a gidansu, shi ke noma gonar gadonsu a fadamar Gulma, can ƙasar Argungu. Shinkafar da muke ci daga damina zuwa damina daga hannunsa take fitowa, wannan ban taɓa musu a kai ba. Noman rani kuwa ba ya yiwuwa sai da injin ban-ruwa, injin kuma fetur yake sha kamar raƙumin da ya kwana bakwai a sahara. Maigidana ya ce fetur ya gagari Yaya, shinkafa kuma ta yi ciki, in ta rasa ruwa a wannan gaɓa shi ke nan an yi asarar shekara. Akwai wani bakanike a Argungu da ke juya injinan su koma aiki da gas, abin ya fi sauƙi, amma sai kana da tukunya. Manoma sun yi ca a kan tukwane har sabuwa ta fi ƙarfin Yaya. Shi ya sa da na fita makaranta da safe, ya ɗaure tawa a bayan babur ya kai tasha, ya ba direba.

Na tambaye shi abu ɗaya: me ya hana ya faɗa mini? Ya ce ya san ba zan yarda ba.

Amsar nan ita ta fi ƙona mini rai, fiye da tafiyar tukunyar. Ya san abin da tukunyar take a wurina, shi ya sa ya jira na juya baya. Ni haifaffiyar Argungu ce. Mahaifiyata sana'arta gumi, wato ta jiƙa shinkafa, ta turara ta a manyan tukwane, ta shanya, a kai casa. A gindin murhun nan na tashi. Hayaƙin iccen ya cinye mata idanu a hankali, yanzu fuskar mutum ba ta rarrabewa sai ya yi magana. Ni kuma ya sauka mini a ƙirji. Tun ina 'yar aji huɗu nake da asma, in ta tashi numfashina kamar ana busa usur. Da na fara aiki, abin da na fara saya wa kaina da gumina, kafin atamfa, kafin ɗan kunne, shi ne tukunyar nan. Na yi wa kaina alkawari ni da hura wuta har abada. Shekara tara na riƙe alkawarin.

Kuma kar a ce ni mace ce marar tausayi. Tun da mai ya tashi, babu abin da aka ce in bari da ban bari ba. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, yana da 'yar tsohuwar mota. Muka jingine ta a gindin darbejiya, tayoyinta suka sace, ya koma babur, babur ɗin ma sai in tafiyar ta zama dole. Ni da nake shiga keke mai ƙafa uku zuwa makaranta, na koma shiga da safe kawai, in dawo a ƙasa. Janareta muka naɗe wayarsa muka tura ƙarƙashin gado, muka koma fifita da murfin kwali. Markaɗe ya yi tsada saboda injin niƙa ma mai yake sha, na fito da turmi da na daɗe da mantawa. Wadda ta fi ci mini rai, da kusan kowace Asabar nakan je Argungu in ga mahaifiyata, in wanke mata kai, in ɗiga mata maganin ido. Kuɗin mota ya ninka, ya sake hawa, zuwan ya koma sau ɗaya a wata, wani watan ma sai dai waya. Duk wannan na haɗiye, ban taɓa ɗaga murya ba. Abu ɗaya ya rage mini a gidan nan da zan nuna in ce nawa ne, shi ma aka ɗauke ba ko shawara.

Maigidana mutum ne mai son bayani. In rediyo ya kama a kunnensa, sai ya ji shi ma ya zama masani. Maimakon ya ba ni haƙuri, sai ya zauna bakin gado ya fara karanto mini dalilai. Wai gwamnati ta ce tallafin ba talaka yake amfana ba, wasu manya ne ke wawashewa. Wai ɗanyen manmu fita ake da shi waje a tace, a dawo mana da shi da kuɗin dala, dala kuma ta bar naira a baya. Wai mu nan Kabi muna can ƙarshen ƙasa, kafin tanka ta taso daga bakin teku ta iso mana, ita ma ta sha nata. Wai ga masu fasa-ƙwauri da ke tsallaka da shi iyaka, tunda iyaka a bayan gidanmu take. Ya ce ba ni kaɗai ba ce, kowa a ƙasar nan yana ji a jikinsa.

Na bar shi ya gama. Sannan na ce masa duk na ji, amma ya nuna mini ɗaya daga cikin waɗanda suka wawashe tallafin da matarsa za ta tsuguna gaban murhu gobe da safe. Ya nuna mini ɗan fasa-ƙwauri ɗaya da aka ɗauke wa tukunyar girki. Su suka ci, ni aka aiko wa sammaci. Ya ce in yi haƙuri. Kalmar nan na tsane ta a shekarar nan fiye da zagi. Mai gidan mai ya ce ka yi haƙuri, direba ya ce ka yi haƙuri, rediyo ya ce ku ƙara haƙuri, kamar haƙuri wani rumbu ne da ba ya ƙarewa.

Washegari na jera duwatsu uku a bayan ɗaki. Icce shi ma ya yi tsada, domin mota ke kawo shi daga daji, kuma wanda na samu ɗanye ne. Na tsuguna ina hurawa, idanuna suna zubar da ruwa, ƙirjina yana ɗaurewa. Koko kawai zan dama in ɗumama tuwo, amma sai da na makara. Shugaban makaranta ya dubi agogo ya dube ni kawai. Kwana na biyu ya yi magana. Kwana na uku ina tsaye gaban allo ina koya wa 'yan aji uku jimla, numfashina ya sarƙe, na dafa tebur na zauna, yara suka yi tsit suna kallona ina laluben abin shaƙata a jaka. Wata malama ta zo ta ƙarasa mini darasin. Hijabina, littattafaina, har allin da ke hannuna, duk warin hayaƙi suke yi. Warin ƙuruciyata ne, wanda na yi zaton na baro shi a Argungu.

A gida ban ƙara yi wa maigidana maganar ba. Nakan ajiye masa abinci in wuce. Ran Juma'a da yamma na ce masa gobe zan tafi Gulma in ɗauko kayana. Ya ɗauka barazana ce. Da safe ya ga na saka hijabi na ɗauki jaka, ya biyo ni har ƙofa yana cewa kar in kunyata shi a gaban 'yan uwansa. Na ce kunyar shi ya fara saye, ni kai masa ita gida kawai zan yi.

A tasha mota ta daɗe ba ta cika ba, don mutane sun rage tafiya. Da ta cika kuma aka cusa mu huɗu a baya, biyu a gaba, wani ma a gefen direba suna raba kujera. Duk inda hanya ta ɗan gangara sai direban ya kashe mota ya bar ta ta silale, don ya tsimi mai. Babu wanda ya tsawata masa. Wani dattijo ma cewa ya yi Allah ya yi masa albarka da dabara.

Na fara sauka gidan iyayena a Argungu. Mahaifiyata tana zaune a inuwar zaure na ciki, ta gane ni da takuna. Da na durƙusa gaishe ta, ta kamo hijabina ta kai hanci, ta tambaye ni yaushe na koma icce. Na ba ta labari duka. Na yi zaton za ta ce in koma ɗakina in yi biyayya, irin maganar iyaye. Ta murza carbinta, sannan ta ce:

"Ɗiyata, ni na sha hayaƙi shekara da shekaru don ke kar ki sha. Tai ki amso abinki."

Da wannan ƙarfin na hau kabu-kabu zuwa Gulma. A gidan Yaya aka ce yana fadama tun asuba, na ce a nuna mini hanya, ba zan jira ba.

Na san fadamar nan da rani, na saba ganinta kore shar har inda ido ya tsaya, ƙarar injina ta ko'ina kamar garin maƙera. Ranar abin da na gani daban ne. Gona ɗaya kore, biyu a ƙone. Na bi ta kan kunya ina wuce shinkafar da ta kai gwiwa sannan ta bushe a tsaye, ƙasa ta dare har ƙafa tana iya faɗawa. Wani wuri an riga an saki shanu suna ci. Wani mutum yana zaune kusa da injinsa da ke kashe, ya rufe shi da buhu, shi kuma ya zuba tagumi. Na yi masa sallama, da ƙyar ya amsa.

Daga nesa na hango tukunyata. Na san ta da shuɗin fentinta da ɗan lanƙwasar da ke hannunta. An kafa ta a cikin laka, an yi mata inuwa da buhu da kara, tiyo ya fita daga kanta ya shiga cikin injin, injin yana ta bugawa, ruwa yana ɓulɓulowa daga rijiyar da aka huda yana bin lambatu. Shinkafar Yaya ta fara fitar da kai.

Yaya yana cikin ruwa har ƙwauri da fartanya. Mutum ne da ya ba hamsin baya, amma ranar na ga ya tsufa fiye da yadda na san shi, wuyansa duk jijiya. Da ya gane ni ce, ya jefar da fartanyar ya fito da sauri yana goge hannu a riga. Kafin in buɗe baki ya kira maƙwabtan gonarsa biyu, ya ce su zo su ga matar ƙanensa da yake ba su labari.

"Malama, Allah shi saka maki da alheri," ya ce. "Ƙanena ya ce ke da kanki kinka ce a kawo min, ke kya yi da icce. Da ba don ke ba, da shinkafar ga ta bi sauran."

Maƙwabtan suka shiga sa mini albarka. Ɗaya ya ce irin waɗannan mata sun yi ƙaranci. Ni kuwa an ɗauke mini kaya, an kuma yi kyauta da sunana, yanzu ga shi ana biya na da addu'a a kan alherin da ban yi ba. Da sauƙi in yi murmushi in karɓa, in koma gida a matsayin mutuniyar kirki. Na kasa. Na jira maƙwabtan suka koma gonakinsu, na ce masa:

"Yaya, ban ba da ba. Ɗauka anka yi ina makaranta. Zuwa na yi in tai da ita."

Bai yi gardama ba, bai kuma roƙe ni ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce wallahi bai sani ba, kuma ya san da ciwona. Ya taka ya kashe injin. Wurin ya yi shiru har ina jin kukan tsuntsaye a gonar da ke gaba. Ruwan da ke bin lambatu ya rage gudu, ya tsaya, ƙasa ta fara tsotse shi ina kallo. Ya tsuguna yana kwance tiyon, hannunsa duk laka, yana magana ba tare da ya ɗago ba. Ya ce ya sayar da tumaki biyu ya zuba wa injin nan fetur. Ya ce ya je gidan mai da jarka aka kore shi, wai an hana sayarwa a jarka saboda masu kai wa ƙetare, kamar injin ban-ruwa yana da ƙafar da zai bi layi. Ya ce wata rana da ya samu a wurin 'yan bumburutu, aka tare shi a wani shinge a hanya aka ƙwace, aka kira shi ɗan fasa-ƙwauri, shi da bai taɓa taka iyaka ba, alhali manyan motoci suna wucewa ta gabansu ana ɗaga musu hannu. Ba don in ji tausayinsa yake faɗa ba. Faɗa kawai yake yi, kamar mai lissafa wa kansa yadda aka yi ya zo nan.

Na tambaye shi kwana nawa ya rage a daina ba shinkafar ruwa. Ya ce mako uku, in Allah ya so.

Na tsaya ina kallon tukunyar, ina kallon shinkafar. Ban ji wani sanyi ya sauka a zuciyata ba, ƙarya ne in ce na ji. Fushin ne ma ya ƙaru, sai dai ya rasa wanda zai kama. Ƙasa mai rijiyoyin mai, a ce mace da yayan mijinta sun tsaya a tsakiyar rana suna auna wanne za a bari ya mutu, ƙirjinta ko abincin gida biyu. Waɗanda suka jefa mu a nan ba su san akwai wani gari Gulma ba.

Na ce masa ya mayar da tiyon. Na ce mako uku na ba shi, kuma wannan karon ni na bayar, da bakina. Ya so ya yi godiya, na ce ya bari, wadda aka yi ɗazu ta isa. Ina juyawa na ji ya ja igiyar injin, sau biyu bai tashi ba, a na uku ya kama.

Ban koma wurin mahaifiyata ba ranar, don ban san abin da zan ce mata ba. Sai daga baya na kira ta a waya. Ta saurara har na gama, ta ce to, Allah shi ba da lada, amma in nemi gawayi in bar ɗanyen icce.

Yaya ya riga ni isar da labari. Kafin in kai gida ya kira ƙanensa, kuma ban san abin da ya faɗa masa ba, amma na tarar da maigidana zaune a tsakar gida kamar wanda aka yi wa wanka da ruwan sanyi. Bai iya ba da haƙuri da baki ba, ba halinsa ba ne. Sai dai washegari da na fito bayan sallar asuba na same shi a bayan ɗaki, ya sayo gawayi da kurfoti, yana fifita wuta da murfin tukunya, ya juya wa katangar maƙwabta baya kar a gan shi. Haka ya yi kullum har makonni ukun suka cika. Shi zai haɗa wuta, in hayaƙi ya lafa ya kira ni. Na karɓi wannan, amma na faɗa masa ƙaryar da ya yi da sunana ba ta cikin abin da gawayi ke gogewa. Mun daɗe kafin hira ta dawo tsakaninmu yadda take.

Shinkafa ta nuna, an yanke. Ba ta kai ta shekarun baya ba, don ƙishin da ta sha kafin tukunya ta je ya riga ya taɓa ta. Yaya da kansa ya kawo mana rabonmu, da tukunyata a wanke tas. Sai dai a ɗan tsakanin nan gas ma ya tashi, tunda kowa ya koma kansa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ban ƙara iya cika ta ba, sai in sa kaɗan in riƙa lallaɓawa, shayin safe da ɗumame a kanta, tuwo da wake a gawayi. Har yau haka nake yi, abin shaƙata kuma ba ya barin jakata.

Da rani ya zagayo, na yi shirin a sake zuwa neman aro, har na tsara amsar da zan bayar. Ba a zo ba. Yaya ya kira taron 'yan uwa ya ce shi ya gaji, ba fetur ba gas, babu wanda zai iya. Wani ɗan kwangila daga birni ya karɓi hayar gonar tare da wasu da ke kewaye da ita, ya kafa faifan hasken rana jere-jere, injinansa ba sa shan komai. Maigidana ya sa hannu a takardar yana kuka, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Ɗan kwangilar yana buƙatar wanda ya san ƙasar, wanda ya san inda ruwa ke kwanciya da inda yake gudu. Ya ɗauki Yaya aiki. Yanzu Yaya yana fita tun asuba ya ba shinkafar wani ruwa a gonar ubansa, a biya shi da yamma. Mu kuma a Gwadangaji shinkafa sai mun je kasuwa mun auna da kwano.